Kalmar "Sport": Asalinta, Ma'anoninta da Yadda Ake Amfani da Ita

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wata 'yar kalmar Turanci mai haruffa biyar kacal shi ne, saura kaɗan ta raba ni da filin wasan makarantarmu. Ga yadda aka yi.

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, malamin gidanmu ya rubuta a takardar sakamakona cewa ni gwani ne a "sports", har ya ƙara da cewa ni "good sport" ne. Da na isa gida hutu na miƙa wa mahaifina takardar ina murna. Shi kuwa manomi ne, ba ya jin Turanci, sai ya aika aka kira wani ɗan maƙwabcinmu ya karanta masa. Yaron ya duba ya ce, "Baba, malaminsa ya ce gwanin wasa ne, ya kuma sake cewa shi wasa ne mai kyau." Nan take fuskar mahaifina ta sauya. Ya dube ni ya ce, "Ashe hatsin da nake sayarwa ina haɗa maka kuɗin mota da na sabulu, wasa kake zuwa yi da su? To, daga yau ba kai ba fili." Ga shi kuwa ni ne nake yi wa gidanmu gudun mita 400, gasar gidaje kuma tana tafe.

Da muka komo makaranta na kai kukana wurin malaminmu na Ingilishi. Ya yi murmushi ya ce matambayi ba ya ɓata, in tafi laburare in buɗe babban ƙamus mai nuna asalin kalmomi, in bi sawun kalmar tun daga tushe. Abin da na samo ke nan nake so in raba da ku, domin na tabbata ba ni kaɗai wannan kalma ta taɓa jawo wa faɗa ba.

Asalin kalmar

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, kalmar nan baƙuwa ce a Ingila. Kakanta yana can cikin harshen Latin, watau harshen Rumawan dā. A Latin akwai kalmar "portare", ma'anarta ɗaukar kaya daga wani wuri zuwa wani. Faransanci ya gaji wannan kalma ya mai da ita "porter". Sa'an nan Faransawan dā suka liƙa mata ɗafa-goshi "des", mai nufin nesa ko gefe, ta zama "desporter". In aka ce mutum ya yi haka, ana nufin ya ɗauke kansa daga aiki da damuwa, ya koma gefe ya shaƙata. Shaƙatawar ita kanta kuwa suka kira ta "desport".

To, yaya aka yi ta ƙetare teku? A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi na ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na kotu da na manyan mutane a Ingila har wajen shekara 300, dubban kalmominsa kuma suka shige cikin Ingilishi. Wajen shekarar 1300 aka fara ganin tamu kalmar a rubuce-rubucen Ingilishi da siffar "disport". Shahararren marubucin nan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita.

A farkon ƙarni na 15 sai bakin mutane ya gutsure mata kai, ta koma "sport". Wannan ba baƙon abu ba ne a Ingilishi, don haka aka sami "fence" daga "defence", da "spite" daga "despite". Mu ma Hausawa mukan yi irin wannan, alal misali yadda Abubakar yakan koma Bukar, A'ishatu ta koma Shatu. Ita "disport" ba ta mutu sarai ba, tana nan cikin ƙamus, sai dai ta tsufa, ba a cika jin ta a baki ba.

Ya kamata ɗalibi ya san dangin wannan kalma, domin sukan fito a jarrabawa. Duk daga "portare" suka fito, duk kuma akwai ɗaukar kaya a cikinsu. "Porter" shi ne ɗan dako. "Transport" sufuri ne. "Export" fitar da kaya waje, "import" shigo da su. "Portable" abin da ake iya ɗauka a hannu. "Deport" a ɗauke mutum a fitar da shi daga ƙasa. "Report" kuwa ɗauko labari a kawo, daga gare ta ne ma muka ari kalmar rahoto. Ashe ita takardar rifot da ta jawo mini faɗa, da kalmar da ke cikinta, kakansu ɗaya.

Yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa

Da farko duk abin da zai sa mutum nishaɗi "sport" ne, ko hira, ko rawa, ko barkwanci, ko kallo. Babu ruwanta da gumi ko gasa. Sai a ƙarni na 16 aka fara amfani da ita ga wasan da ake motsa jiki a cikinsa.

Sarakunan Ingila sun daɗe suna sa ido a kan yadda talakawansu suke shaƙatawa. A 1363 Sarki Edward na uku ya hana ƙwallon ƙafa da wasu wasanni, ya ce a koma koyon harbi da baka a ranakun hutu, domin maharba yake bukata a fagen yaƙi. A 1618 Sarki James na ɗaya ya fitar da wata sanarwa da aka fi sani da "Book of Sports", wadda ta halatta wa mutane rawa da tsalle-tsalle da harbi da baka ran Lahadi bayan an taso daga coci. Wasu masu tsananin riƙon addini suka ƙi abin ƙwarai. Ɗansa Charles na ɗaya ya sake fitar da ita a 1633, amma a 1643 Majalisar Dokoki ta sa aka ƙone ta a bainar jama'a. Kun ga ke nan gardama a kan ko wasa ɓata lokaci ne ba a gidanmu aka fara ta ba.

A ƙarni na 18, in Bature ya ce "sport", galibi farauta yake nufi, ko kamun kifi, ko sukuwar dawaki, watau shagalin masu hali. "Sportsman" a lokacin mafarauci ne. Har yanzu kuwa sukan yi wa sukuwa kirari da "sport of kings", watau wasan sarakuna. Akwai kuma munanan wasanni na zub da jinin dabbobi, kamar cuna wa bijimi karnuka da haɗa zakaru faɗa, waɗanda dokar 1835 ta hana. Farautar yanyawa da karnuka ita ma dokar 2004 ta hana ta a Ingila.

Ma'anar da muka sani yau a ƙarni na 19 ta kafu, kuma makarantun kwana irin tamu suna da hannu a ciki. A manyan makarantun kwana na Ingila, kamar Eton da Harrow da Rugby, kowace tana da irin nata ƙwallo da nata dokoki. Malamansu suka lura cewa wasa mai tsari yana koya wa yara biyayya da juriya da haɗin kai, sai suka sa shi cikin tsarin makaranta, gidajen kwana suna karawa da juna. Da ɗaliban suka girma suka haɗu a jami'a da birane, sai ya zama dole a daidaita dokoki. A 1863 aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila a birnin Landan, aka rubuta dokokin wasan. A 1867 aka buga dokokin damben Turawa da ake kira na Queensberry. A 1871 'yan ƙwallon zari-ruga suka kafa tasu ƙungiya. A 1896 kuma aka farfaɗo da wasannin Olamfik a birnin Atens na ƙasar Girka, bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin. Tun daga nan kalmar ta ƙunshi doka da alƙali da usur da kofi. Gasar gidajen da muke yi kowace shekara daga waɗancan makarantu muka gaje ta.

Daga baya kuɗi suka shigo. A 1885 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta yarda a riƙa biyan 'yan wasa. A Olamfik kuwa an daɗe ana ƙyamar haka. Ba'amurke Jim Thorpe ya ci lambobin zinariya 2 a 1912, amma aka ƙwace su a 1913 don an gano ya taɓa karɓar kuɗi a wani wasan ƙwallo, ba a mayar da darajarsa ba sai bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa. Yau kuwa dubban mutane da wasanni suke ci da iyalinsu. Ku duba abin mamaki, kalmar da aka ƙirƙira don gudun aiki ta zama sunan aiki.

Wani abin dariya kuma, a ƙarni na 19 Faransawa suka ari kalmar "sport" daga Ingilishi, alhali tasu ce ta je yawo ta komo da sabuwar riga. Jamusawa da Italiyawa su ma suka ara. Mutanen Sifen suna cewa "deporte", na Fotugal suna cewa "desporto", duk daga tushe ɗaya. Saboda haka 'yan'uwanmu ɗalibai na Maraɗi da Damagaram da suke karatu da Faransanci, da mu masu karatu da Ingilishi, kalma ɗaya muke rubutawa, lafazi ne kawai ya bambanta.

Ma'anoninta a yau

Na tattara ma'anoni 6 da ya kamata mu riƙe.

1. Wasan motsa jiki mai dokoki da gasa, kamar ƙwallon ƙafa, da guje-guje da tsalle-tsalle, da dambe, da iyo. Wannan ita ce babbar ma'anarta yanzu.

2. Raha ko ba'a. Wannan tsohuwar ma'ana ce da ta saura. In aka ce an faɗi magana "in sport", da wasa aka faɗe ta. "To make sport of" mutum kuwa shi ne a mai da shi abin dariya.

3. Mutum mai kyakkyawan hali a fage. "A good sport" shi ne wanda in an ka da shi ba ya fushi ko zargin alƙali, in ya yi nasara ba ya gori, in an zolaye shi kuma yakan yi dariya. Kishiyarsa "bad sport". Daga nan aka sami "sportsmanship", watau dattaku a fagen wasa, da "spoilsport", mai ɓata wa mutane nishaɗi. Wannan ma'ana ta uku ita malamin gidanmu ya nufa. Halina ya yaba, aka fassara mini yabon ya koma laifi.

4. Kalmar kira. Mutanen Ostareliya sukan kira namiji "sport", kamar yadda mukan ce "abokina" ko "ɗan'uwa".

5. Aikatau mai nufin sanya abu ana taƙama da shi. In aka ce wani "is sporting a new cap", ya kafa sabuwar hula ke nan yana so a gani. Babu gudu ko tsalle a nan.

6. A ilmin tsirrai, "sport" shi ne reshe ko tsiron da ya fanɗare, ya fito da kama dabam da uwarsa. Charles Darwin ya ambaci irin waɗannan tsirrai a littafinsa na 1859. Lemon zaƙin nan mai cibiya marar 'ya'ya, wanda aka samo daga Bahiya ta ƙasar Barazil, ta wannan hanya ya samu. Manoma sukan yanki irin wannan reshe su yi masa aure da wata bishiya don su yaɗa shi.

Yadda ake amfani da ita

A nan ne da yawa daga cikinmu muke zubar da maki. Ga abubuwa 4 da za a kiyaye.

Na farko, Turawan Ingila sukan ce "I like sport" in suna nufin wasanni baki ɗaya, Amurkawa kuwa sukan ce "I like sports". Duka daidai ne, sai dai ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai cikin insha'insa. In nau'i guda ake nufi, sai a ce "a sport".

Na biyu, in kalmar ta zo gaban wani suna tana bayyana shi, galibi da "s" take zuwa, kamar "sports day", da "sports field", da "sports master".

Na uku, kuskure ne a ce "I am going to sport" ko "I am sporting" in ana nufin za a fili. Kowane wasa da aikatau ɗin da yake tafiya da shi. Akan ce "play football", da "go swimming", da "do athletics".

Na huɗu, a bambance ta da maƙwabtanta. "Play" wasa ne marar doka, kamar na ƙananan yara a ƙofar gida. "Game" wasa ne mai doka da ci, ko da a zaune ake yin sa, kamar dara ko ludo. "Sport" yana bukatar doka da kuma motsa jiki. Ƙwallon ƙafa ya haɗa biyun, gudun mita 100 kuwa "sport" ne, ba a kiransa "game". "Match" karawa ce guda tsakanin ɓangare biyu. "Athletics" daga harshen Girka ta fito, daga kalmar da ke nufin ladan gasa. A Ingila guje-guje da tsalle-tsalle da jife-jife take nufi, a Amurka kuwa takan haɗa wasanni duka.

Kada a zaci iyakar nan a sarari take ko ga masu harshen. A 1999 kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ƙungiyar masu darar Turawa, watau "chess", ko da yake ba a gumi a cikinta. Amma a 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa wasan kartar da ake kira "bridge" ba "sport" ba ne a wajen dokar haraji, domin motsa jikin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. In manyan alƙalai sun zauna a kan ma'anar kalma, ba abin kunya ba ne ɗan maƙwabcinmu ya yi tuntuɓe da ita.

"Sport" da "wasa"

To, ina aka sami saɓani? Kalmarmu ta wasa tana da faɗi ƙwarai. Da ita muke kiran wasan yara, da wasan kwaikwayo, da wasan makaɗa, da wasan da ke tsakanin taubasai. Da ita kuma muke kiran sakaci, kamar in an ce wane yana wasa da karatunsa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta faɗo wa mahaifina a rai, kuma ba zan ga laifinsa ba. Shi ya sa in za mu fassara wa iyayenmu, gara mu ce wasannin motsa jiki, mu kuma bayyana musu cewa suna da lokaci, da malami, da doka. Larabawa ma "riyada" suke cewa, watau horo, kuma daga tushen nan ne suka sami sunan ilmin lissafi. A wurinsu horon jiki da horon ƙwaƙwalwa dangin juna ne.

Abin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da kokawa da dambe da langa da sukuwa tun kafin zuwan Turawa, kowanne da ƙa'idarsa da fagensa. A Jamhuriyar Nijar ana yin gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, zakara kuma takobi ake ba shi. Amma mu lura da lokacin da kakanninmu suka ware wa waɗannan abubuwa. Galibi da kaka ake kokawa da dambe, bayan an girbe amfanin gona an kai rumbu. Ba a taɓa jin saurayin kirki ya bar gona da ciyawa a tsakiyar damina ya tafi fage ba.

Kammalawa

Wannan ya komo da ni ga asalin kalmar. Ma'anarta ta fari ita ce mutum ya ɗauke kansa daga aiki na ɗan lokaci. Ke nan sai da aiki ake samunta. Ɗan dakon da ya sauke kaya a inuwa ya huta, zai sake ɗora gammo ya ci gaba da tafiya. Wanda bai ɗauki kome ba kuwa, ba shi da abin saukewa, zamansa a inuwa zaman banza ne.

A nan dole in faɗi gaskiya a kaina. Cikin takardar nan da aka yabe ni, makina na lissafi ya yi ƙasa, domin sau da yawa nakan zo karatun dare a gajiye in kifa kai a kan tebur. Fassarar da aka yi wa mahaifina kuskure ce, amma damuwarsa tana kan hanya.

Da ya kawo mini ziyara ran Lahadin ƙarshen wata, muka zauna a gindin dalbejiya na bayyana masa duk abin da na samo, har da zancen kokawar kaka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji. Ka yi gudunka. Amma in na ga lissafin nan bai tashi ba a takarda mai zuwa, ka san kai ka sauke kaya ka manta inda ka ajiye su." A kan wannan sharaɗi nake fita fili yanzu, kuma ban san yadda takardar za ta kasance ba sai an yi jarrabawa.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in sun ga kalmar nan a takardar 'ya'yansu, su tambayi malami abin da yake nufi kafin su yanke hukunci. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, in an kaɗa ƙararrawar fita fili mu fita da ƙarfinmu, in an kaɗa ta karatun dare mu komo da hankalinmu. Allah ya ba mu sa'a a aji da fili baki ɗaya, amin.